Jan Yakutu da Zaren Maƙeri

Wata mai ɗinki ce, cikinta ya tsufa, hannuwa da ƙafafu duk sun kumbura. Da yammacin wata rana ta fita neman maƙerin zinariya ya cire mata zoben da ya matse mata yatsa. Abin da ya fitar da ita ke nan, ba wani abu ba.

Zoben na mahaifiyarta ne, ita ma a hannun tata uwar ta gada. Zinariya ce siririya, da jan yakutu a kai, bai wuce ƙwayar rumman ba. Mutane da yawa a akwati suke ɓoye irin wannan sai ranar kwalliya. Matan gidan nan ba haka suke ba. Da shi suke wanki, da shi suke girki, da shi suke kwana. Mahaifiyarta takan ce dutse ne mai son jiki, in an rufe shi sai ya yi fushi ya dushe. Takan ce yana kwantar da zuciya, yana tsare jini. Mutanen da sun faɗi abubuwa da yawa a kan wannan dutse, wasu a littattafai, wasu a baki, yanzu duk sun cakuɗe mini. Amma akwai guda da uwar ta nanata wa 'yarta tana kan gadon ciwo: "In kin ga ya yi duhu, ko ina kike, ki juya gida."

Mijin mai ɗinkin mai gyaran agogo ne. Kafin ta fita ya kama hannunta ya juya shi, ya ga yatsan ya yi tsanwa a bayan zoben.

"Kawo in datse miki shi da filaya, ki huta."

"Agogon mutane ma da ka taɓa, wanne ya ƙara tafiya daidai? Bar mini zoben Inna."

"To ki bari gobe in raka ki."

"Gobenka ba ta wayewa."

Ya yi dariya ya ce, "Sai ki dawo kafin duhu, uwar 'yan biyu." Haka yake tsokanarta saboda girman cikin. Ta harare shi ta yafa mayafi. Ɗan almakashinta na yanke zare yana rataye a wuyanta da igiya, kamar kullum, ta manta ba ta cire ba.

Ko damina ce ko bazara, wannan ya kuɓuce mini. Na dai san rana ta yi ja sa'ad da ta shiga layin maƙera. Shagon da ta sani a rufe yake da kwaɗo. Na kusa da shi ma haka. Babu kowa sai warin gawayin da aka kashe da ruwa, da wata mage a kan dakali, wadda ta dube ta, ta sauka ta bar layin.

Har ta juya, sai ta ji ƙara daga can ƙurya. Ƙwas. Ƙwas. Ƙaramar guduma a kan ƙarfe.

Yatsan yana zugi. Ɗan cikin yana shure-shure, kamar yadda ya saba in rana ta faɗi. Ta dafa cikin ta ce, "Yi haƙuri, yanzu za mu koma." Ta bi ƙarar.

Layin ya yi mata tsawo. Ba ta san shi da wannan tsawon ba.

A ƙarshe akwai wani ɗan shago mai gajeriyar ƙofa. Ta yi sallama. Ba a amsa ba, aka dai ce, "Shigo, 'yata."

Tsoho ne a zaune a kan buzu, ya sunkuyar da kai. Garwashi yana ci a gabansa, jajir, ba mai zuga shi. Duk da haka ɗakin da sanyi, irin sanyin bakin rijiya. Akwai wani ƙarni a iska, kamar na tsabar kuɗin da aka daɗe riƙe a tafin hannu. A bango an jera ƙusoshi, kowace da guntun jan zare a rataye, an ƙulla shi ɗan kewaye.

"Baba, zobe ne ya matse ni. Ina so a cire ba tare da an yanka ba."

"Ba ma yanka," in ji shi, a hankali. "Da zare muke yi. Miƙo."

Ta san wannan dabarar. A zura bakin zare ta ƙarƙashin zobe, a naɗe yatsan tam, sannan a warware, zoben ya biyo zaren ya fita. Hankalinta ya ɗan kwanta. Ta durƙusa da ƙyar ta miƙa hannu.

Hannunsa ba ɗumi ko kaɗan. Zaren ne mai ɗumi. Kuma da danshi.

Ya zura, ya fara naɗi.

"Na san dutsen nan," ya ce. "Ya daɗe a gidanku. Ya sha ruwan wanki, ya sha gumi. Ya gaji da manyan hannuwa."

Ta yi ƙoƙarin murmushi. "Ka san Inna ke nan?"

Ya ja zaren.

Ta ji jan a yatsa. Ta kuma ji shi a wani wuri, can ƙasan cibiya, kamar an ɗaga ƙugiya.

Ya sake ja. Nan ma ta ji.

Ɗan cikin ya daina motsi.

Ta dubi zoben. Yakutun da da safe yake ja kamar garwashi ya koma baƙi-baƙi, kalar hanta. Muryar uwarta ta faɗo mata a rai. Ta so ta janye hannun, hannun ya ƙi. Ta so ta yi addu'a, harshe ya yi mata nauyi a baki.

"Baba," ta ce da raɗa, "bar shi haka. Gobe na dawo."

"An kusa."

Sai a lokacin ta lura da abin da ke kan uwar maƙera, ƙarfen da yake ƙira a kai. Wani zobe ne, ɗan mitsitsi, wanda ko ƙafar tsuntsu zai matse. Sabo fil. Gurbin dutsensa a buɗe, ba komai a ciki.

Zobenta ya haye gaɓa, ya zame, ya faɗa tafin tsohon. Amma bai saki zaren ba. Ya kama ɗaya bakin, ya lanƙwasa shi ɗan kewaye, yana matsewa a hankali, yana saurare, kamar mai gwada yatsan da shi kaɗai yake gani.

"An gama nawa," ta ce. "Wa kake aunawa?"

"Ba ke ba."

Ita mai ɗinki ce. Ta auna jikin mutane ba iyaka. Mai awo yakan danne zare da farce, ya ɗauke. Ba a ƙulla awo a jikin mai shi.

Ta dubi bango. Kowane zare a ƙulle yake. Kowane kewaye ƙarami ne.

Tsohon ya zura bakin zaren cikin kewayen. Ya ɗago kai a karon farko. Idanunsa ba fari, ba baƙi. Jajaye ne, masu sheƙi, masu kusurwa, kamar an feƙe su.

Ya fara jan ƙullin.

Hannunta na hagu ya kai wuya, ya cafko almakashin.

Ƙyas.

Zaren ya tsinke, wani abu mai ɗumi ya fantsamo mata a fuska. Garwashin ya mutu lokaci ɗaya. A cikin duhun ta ji numfashi, ba na mutum ɗaya ba, daga bango, daga kowace ƙusa.

Ba ta san yadda ta sami ƙofa ba. Ta dai tsinci kanta a waje, ta tallafe ciki da hannu biyu, tana gudu irin na mai tsohon ciki, takalmi ɗaya ya fita.

A bayanta wani abu yana gangarowa a kan dutsen hanya. Ƙil, ƙil, ƙil. Ƙarar zobe.

Ta san ƙararsa. Sau nawa ya bugi bakin kwano a hannun Inna.

"Kin manta kayanki, 'yata," aka ce, dab da kunnenta. "Tsaya ki ɗauka."

Zoben uwarta ne. Ba ta da wani abu na Inna sai shi. Ƙafarta har ta sassauta.

Ba ta waiwaya ba.

Ta faɗo babban titi, cikin fitilu da hayaniyar motoci. A nan maigidan ya gan ta, ya fito nemanta da filayarsa a aljihu. Ya riƙe ta yana tambaya, ba ta jin me yake cewa. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan cikin, ta danne. Suka tsaya haka a gefen hanya, mutane suna ratsa su.

Shiru.

Shiru.

Sai ɗan ya yi shuri, da ƙarfi, har hannun uban ya motsa. A nan ne ta fashe da kuka.

Washegari maigidan ya je layin maƙera shi kaɗai. Maƙerin da suka sani ya raka shi har ƙurya. Katanga ce kawai, tsohuwa, da ƙusoshi masu tsatsa a jikinta. Takalminta yana gindin katangar. Zobe kuwa babu.

Ta haihu lafiya, mace, guda ɗaya ba biyu ba. Da aka wanke jaririyar aka miƙo mata, yatsu ta fara dubawa. A ƙaramin yatsan hannun dama akwai wani jan layi siriri, kamar shatin zare, ya zagaye yatsan. Bai haɗu ba. Saura ɗan wuri kaɗan, daidai kaurin bakin almakashi.

Yarinyar ta girma, tana gudu, tana ɓarna kamar kowane yaro. Uwar ba ta ƙara sa zobe ba, ba ta kuma taɓa ɗora tef ko zare a jikin 'yar ba. Da ido take yanka mata kaya, shi ya sa kullum rigunanta suke mata yawa, har maƙwabta suna yi wa mai ɗinki dariya. Kowace safiya, kafin ta buɗe keken ɗinki, takan kama hannun yarinyar ta kai bakin taga, ta juya ƙaramin yatsan zuwa haske, ta duba ko wurin nan yana nan a buɗe.