Huɗu Cikin Goma

"Ajiye fartanyar nan, Kambai!"

Ko ɗagowa bai yi ba. Damina ta biyu ke nan yana noma wa Babana gonar citta a Fadan Kagoma, kamar yadda mai neman aure yake yi a wurinmu. Ni kuwa sati uku da saukowata daga jirgin ƙasan Zariya, inda aka yanke mini ƙari a cinya.

"Afiniki na, kin sha magani?"

"Kar ka canza magana. Ka ji abin da dokta ya faɗa... Sankara ne. Mai girma irin nawa, cikin mutum goma yana dawo wa huɗu kafin shekara biyar."

"Ya ce kina cikin huɗun?"

"Ya ce shi ma bai sani ba."

"To!"

Wannan "to" ɗin nasa ya fi komai ba ni haushi. Ina son mutumin nan har cikin ƙashina, shi ya sa nake korarsa. Kwana ɗaya kafin nan mamarsa, Mama Edna, ta zo har gida, ta riƙe hannuna tana hawaye. Shi kaɗai gare ta. Ta roƙe ni mu jira shekara biyar ɗin, kuma ban ga laifinta ba.

"Mama ta ce mu jira," na ce.

Sai ya jawo kwandon iri, ya ɗebo gutsattsarin citta goma ya zuba mini a zani.

"Ke 'yar manomi ce. Nuna mini wanda zai ruɓe a ƙasa."

Na jujjuya su. Kowanne da idonsa na tsiro, duk lafiya.

"Ba a ganewa..."

"Kin taɓa ganin Baba ya ajiye iri a ɗaki sai ya gane? In kina cikin shida, mun yi asarar shekara biyar a banza. In kina cikin huɗu..." ya matso kusa da ni. "Masoyiya, shekarun nan su ne duka abin da Ubangiji ya ba ni. In zauna ina kallonsu daga nesa?"

Na fashe da kuka, cittar ta zube.

An ɗaura mana aure a coci bayan girbi, a 1976. Mama Edna ce ta ja waƙa.

Shekara ta huɗu ke nan. Kowace safiya, kafin in buɗe ido, hannuna kan lallaɓa zuwa tabon, ina neman ko wani abu ya taso. Kullum sai in tarar hannunsa ya riga ni.