Suwaitar da Ta Ƙi Shiga Giwa

Auta na zaune a falo, dunƙulen ulu shuɗi a cinyarta, farin ya gangara ƙarƙashin kujera, sai aka banko ƙofa ko sallama babu. Yayar mijinta ce, tana janye da hannun ƙaninta, surukar Auta na biye da su tana haki.

Mijin nan Giwa ake ce masa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai yi ƙarya ba. A ɗakin ƙanƙara na kamfanin kifi yake aiki, kullum da tari yake dawowa. Shi ya sa Auta ta ɗauri aniyar saƙa masa suwaita a ɓoye, har da ado mai kala biyu a ƙirji, abin da ba ta taɓa gwadawa ba.

Yaya ta fizge saƙar ta ɗaga sama.

"Kalli nan! Ka ce sharri nake mata. Wannan 'yar matsattsiyar rigar kai za ta shiga?"

"Tasa ce, Yaya," in ji Auta. "Surprise na so yi masa."

"Surprise! Ai kuwa mun sha mamaki. Sau nawa na gan ki a shagon siririn nan mai sayar da ulu, kun haɗa kai? Ga size ɗinsa nan sak!"

"Innalillahi! Yadda ake riƙe zare biyu fa yake nuna min!"

Auta ta kalli saƙar. Lokacin da saƙar ke tattare a jikin allura, ba ta taɓa lura ba. Yanzu da aka sake ta, ƙirjin ya tsuke ƙwarai da gaske. Ta juya ga mijinta ko zai ce wani abu, sai ta ga ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya fi maganar Yaya ƙona mata rai, hawaye suka ɓalle.

Can Giwa ya miƙa hannu. "Ba ni in gwada."

Ya zura kai. Ƙasan rigar ya wuce kafaɗunsa salin-alin, amma da aka zo wurin ado sai ta cije. Ga ƙato tsaye tsakiyar falo, hannuwa sama, fuska a rufe, allura na reto a kunnensa.

"Kun gani ko!" in ji Yaya.

"Ke, rufe mana baki!" Umma, surukar Auta, ta matso. Ita ta saƙa wa 'ya'yanta duk kayan sanyinsu suna ƙanana. "Wane siriri ne yake da ƙugu haka? Ƙasan nan awon ɗana ne."

Ta leƙa cikin rigar, ta ja wani zare da yatsa, ya ƙi motsi.

"La'ilaha! 'Yata, zaren da kike ratsawa ta baya ai sako-sako ake barin sa. Ke kin ja shi kamar mai ɗaure akuya! Dole ƙirji ya tsuke."

Yaya ta rasa inda za ta sa fuskarta, ta yi kame-kame ta ce, "To... bari in ɗauko almakashi a cire shi."

Daga cikin ulu murya ta yi tsawa: "Kada wanda ya kuskura ya yanke min rigata!"

Rigata! Auta ta fashe da dariya cikin kuka. Da ƙyar suka zare shi su uku, ya fito jiƙe da gumi, ya durƙusa gabanta.

"Ki yafe min, Auta. Na yi shiru a inda ya kamata in tsaya miki."

Umma ba ta ƙyale Yaya ba. Ta zaunar da ita tana naɗe zare, Auta na warware adon. Yaya na naɗi tana ba da haƙuri, kanta a ƙasa.

Jama'a, kafin ku yanke wa mutum hukunci, ku juya abin ku duba cikinsa, don zargi yana tsuke gida har mai gidan ya kasa shiga. Auta dai ta sake saƙa adon da sassauci, Giwa kuwa ko ranar zafi sai an roƙe shi yake cire rigarsa.