Minti Goma Sha Ɗaya

"Ban yarda ba! Wallahi ban yarda ba!"

Auta ba ta taɓa jin mawaƙin ya ɗaga murya ba sai a gaban makirfo. Yau ga shi a ofishin Abbanta, mai kamfanin naɗar waƙoƙi, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ka sa hannu a takarda," in ji Abba, ko a jikinsa. "Duk abin da aka naɗa a ɗakin can na kamfani ne. Masoyanka suna son ragowar da ba ka fitar ba."

"Ku fitar da komai, ban da naɗin waccan ranar Talatar. In ya fita, ni ma na fita, kuma ba zan waiwayo ba!"

Ya fice ko kallonta bai yi ba. Shekara biyu suna son juna, kowa a kamfanin ya sani, amma gogan naka ya kasa buɗe baki a gaban Abba.

Ita ce mai haɗa sauti, laifin kuma nata ne. Abba ya koya mata kada ta kashe na'ura sai mawaƙi ya bar ɗaki. Ranar, wata uku da suka wuce, ta fita sallar la'asar ta bar ta tana naɗa, shi kuwa ya zaci shi kaɗai ne. Sai daga baya ya ga jar fitilar na'urar a kunne.

"Ki gyara min shi kafin Juma'a," Abba ya ce.

Ta zauna gaban kwamfuta tana ƙare wa zanen sautin kallo. Minti goma sha ɗaya. Wannan ba waƙa ba ce, ta san kamannin waƙa. Magana ce 'yar gajeriya, sai dogon shiru, sai a sake farawa.

Kuka ya yi? Ko Abba ya zaga? Ko dai... waya yake da wata?

Wannan ta ƙarshen ta soke ta. Ta sa abin ji a kunne, yatsanta a kan maɓalli. Dannawa ɗaya, ta huta. Sai ta tuna fuskarsa ɗazu, ta gane ba fushi ba ne, kunya ce. Ta cire, ta koma ofis.

"Abba, ba zan iya ba. Bai san ana naɗa ba. Abin da mutum ya faɗa shi kaɗai ai ba na kamfani ba ne."

"Kin ji abin da ke ciki?"

"Ban ji ba."

"Ke? Ke da ko leda aka shigo da ita gida sai kin leƙa?"

"Ina son ji kamar in mutu, Abba... amma na fi son sa." Hawaye suka zubo mata.

Abba ya aika aka kira mawaƙin.

"Ta ƙi ji. Ni kam na ji, kuma ban kyauta ba, ka yafe min. Sau bakwai ka fara, 'Abba, na zo ne a kan Auta,' sau bakwai ka sarƙe. Wata uku ina jiran na takwas! Da na gaji, na ce bari in tsorata ka."

Mawaƙin ya rufe fuska. Auta ta saki baki.

"Je ki goge shi," in ji Abba. "Kai kuma zauna. Babu na'ura a nan."

Ta kai bakin ƙofa, ƙafa ta ƙi gaba. A bayanta ta ji muryar da ke cika filin wasa tana rawa.

"Abba... na zo ne a kan Auta. Ina son ka ba ni ita."

"Auta," Abba ya ce, "wannan kam an yarda ki ji."