Wanda Ya Amsa Lamba Bakwai

Da hantsi masu ceto suka tsinci gawar tsohon a ƙasan wani gangare, taku talatin daga siririyar hanyar hawa dutsen. Malamin makaranta ne mai ritaya, ɗaya daga cikin mutum tara da suka biyo jagora jiya. Wata sufeton 'yan sanda ta duƙa ta duba. Jan ƙyalle ɗaya a wuyansa, wani kuma ɗaure a idon sawunsa da ya kumbura.

A ofishin kamfanin yawon, a gindin dutsen, jagoran na zaune da ankwa. In sakaci ya tabbata a kansa, sai gidan yari.

"Ranki ya daɗe, in hazo ya rufe, ko tafin hannunka ba ka gani," in ji shi. "Shi ya sa kowa ke da lamba. Duk inda muka tsaya sai na ce a ƙirga, kowa ya faɗi tasa. Malam ne bakwai. Bayan wurin da aka same shi, sau uku na ji tara cif. Sai a ƙololuwa, da hazo ya yaye, na ga takwas."

"In da ka ji takwas tun a hanya fa?"

"Juyawa za mu yi. Doka ce."

"Jajayen ƙyallayen fa?"

"Namu ne. Ɗaya-ɗaya muke rabawa, don a hango mutum."

Sufeto ta kira mai lamba shida, wata nas, ta nuna mata hoton ƙafar.

Nas ta taɓe baki. "Wannan ɗaurin buhun gawayi ne, ba nawa ba. Ga ƙyallena a jaka. Na dai ji an ce bakwai a bayana, murya can ƙasa. Na zaci sanyi ne ya kama shi."

Mai lamba takwas ɗaliba ce. Ta ce tun a wurin shan ruwa mijin 'yar tsohon, mai lamba tara, ya roƙe ta ta wuce gaba, wai zai riƙa tallafa wa surukinsa.

Mai lamba taran ya shigo yana jan hanci. "Baba ai uba ne a gare ni. Wallahi har kusa da ƙololuwa yana gabana. Wannan jagoran ku matsa wa."

Sufeto ta karɓi wayarsa, ta jera hotuna biyu. A na safe, wuya tara, ƙyalle tara. A na ƙololuwa yana tsaye shi kaɗai, hannu biyu sama, haƙora duk a waje, wuya fayau.

"Ina naka?"

"Iska ta ɗauke."

"Ta kai shi ƙafar surukinka, ta ƙulla har sau biyu?" Ta kife wayar. "Ya gurɗe a gabanka. Ka ɗaure masa, ka zaunar da shi. Ka san in jagora ya ji takwas an fasa hawa, sai ka riƙa amsa lambarsa da taka. Da aka fara nema, ka ce yanzun nan ka gan shi, aka ɓata yini a sama, alhali yana tafiyar awa biyu a ƙasa. Sanyi ya ishe shi, ya tashi da ƙafa ɗaya cikin hazo."

Ya daina jan hancin.

"Na ce masa ya jira ni. Tsoho ne mai taurin kai. Sau biyu ina zuwa dutsen nan ana juyar da mu, duk abokaina sun hau sai ni."

Ta yi wa kurtu alama. Aka cire ankwar daga hannun jagoran, aka maida ita hannun mai lamba tara. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ranki ya daɗe, takardar shaidar da suke ba wanda ya kai ƙololuwa fa? Ai dai na kai."

Sufeto ta tashi ta buɗe taga.