Amaryar da Ke Jiran Mota

Inna Mardiyya tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa lokacin da sallamar Alhaji Lauwali ta cika zauren. Ta riga ta san duk ranar da ƙanen marigayi mijinta ya taso daga Anka zuwa Gummi da irin wannan fara'a, to akwai abin da zai rushe. Sau biyu ke nan ana sa ranar auren autarta Hidaya, sau biyu yana ɗagawa, kuma shi ne waliyyi, ba mai iya tsallake maganarsa. Na farko ya ce sai damina ta wuce. Na biyu ya ce sai mota ta iso.

Ita kuwa motar, babu mahalukin da ya taɓa ganinta da ido, har shi Alhajin. Wata jif ce mai aiki da lantarki da wani kamfani na ƙasar waje ya ce zai fitar, ba ta shan mai, caji ake yi mata kamar waya. Tun da Alhaji ya samu buɗi a cinikin zinari ya ɗora ransa a kanta, ya rantse a cikinta za a kai Hidaya ɗakin mijinta a Bukkuyum.

"Mardiyya, aje rariyar nan ki ga ikon Allah," in ji shi, yana zama a kan tabarma yana latsa waya. "Sun saki sabon bidiyo. Caji guda, kilomita ɗari biyar. Daga nan ki tahi Gusau ki dawo, ba ta ko yi nishi ba."

"Alhaji, ni wayata ma da aka ce cajinta na kwana ukku, ba ta kai la'asar."

"Ke mi kika sani? Ina wanga yaro mai cajin waya? Na ga babur nai a ƙofa."

Zayyad yake nufi, saurayin Hidaya, ɗan Malam Halliru mai makarantar allo a Bukkuyum. Aikin haɗa sola yake yi, yana da ɗan shagon cajin waya a bakin kasuwa. Shi ya kafa wa Inna farantin sola guda a kan rufi, ranar ma ya zo duba shi ne. Ya sauko daga tsani, ya goge hannu, ya tsuguna nesa da tabarma ya gaishe su.

"Kai da ka san wuta, gaya mata," in ji Alhaji. "Ɗari biyar ko ba ɗari biyar ba?"

Zayyad ya daɗe yana kallon bidiyon. Inna ta roƙi Allah a ranta ya ce "haka ne" kawai a wuce wurin.

"Baffa, motar ta yi kyau ƙwarai," ya ce a hankali. "Sai dai ɗari biyar ɗin nan a kan titi mai santsi suka auna, a ƙasa mai sanyi. A hanyarmu mai ramuka, ga zafi, ga na'urar sanyaya ciki, ga mutane da kaya, zai ragu sosai. Kuma babbar maganar ita ce caji. Ni dai ban san wurin caji mai sauri ba daga nan har Gusau. Wuta kan yi sati ba ta zo ba. In da ƙaramin janareto ne, sai ta kwana biyu tana sha ba ta cika ba. Kuɗinta ma ba su faɗa ba tukuna, hasashe ne mutane ke yi. In ta mutu a tsakanin gari da gari kuwa, ba a kawo mata wuta a galan."

Fuskar Alhaji ta haɗe.

"Ni za ka koya wa mota? Kai da ko taya huɗu ba ka taɓa mallaka ba? Daga cajin wayar mutane har ka zama injiniya? To ka ji da kyau: ranar da aka sa ta watan gobe na ɗage ta. Ɗiyar yayana ba ta shiga Bukkuyum sai cikin wagga mota. In kana son in sake duba maganar, ka zo Anka gaban mutanena ka janye abin da ka ce."

Ya kaɗa babbar riga ya fice.

Inna ta bi shi da kallo. Wai yau auren 'yarta ne ya koma jiran ƙarfen da ko ƙera shi ba a gama ba. An yi jere a rai an warware, 'yan uwa na Zugu sun yi anko har ya fara koɗewa, mata a gidan suna sai su tambaye ta da murmushi, "Innar Hidaya, motar ta cika caji?" Amma uwa ba ta sa baki a auren 'yarta, haka aka tarbiyyantar da ita. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe, hawaye na ɗiga cikin garin.

Bayan la'asar ta ji Hidaya da Zayyad a zaure. Ba laɓe ta yi niyya ba, tsintsiya ta je ɗauka, sai muryar Hidaya ta tsayar da ita.

"Pilis Zayyad, mi zai rage ka? Ka je ka ce sori, ka ce motar za ta yi ɗari biyar, ko dubu ma. Kai wa ya tambaye ka lissahi?"

"Shi ya tambaye ni, Hidaya. Haƙuri zan ba shi ko sau goma ne, don babba ne. Amma in ce za ta kai, alhali ke za a sa a ciki? Kin san hanyar nan. Ko mai babur ba ya yarda ya tsaya gyaran igiya a dajin nan. In na yi ƙarya aka tsaya da ke a can, da wace fuska zan dubi Inna?"

"To sai mu tsufa muna jira?"

Sai ya faɗi abin da yake ɓoyewa. "Malam ya ce in azumi ya kama ba a ɗaura ba, zai aiko a bar maganar. Ya ce ba ya son a ci gaba da wasa da mutuncin gidaje biyu."

Kukan Hidaya ya fashe. Inna ta jingina da bango. Saura sati bakwai azumi.

Zayyad ya je Anka sau biyu ba da haƙuri, ana barinsa a tsaye a rana. Bai janye maganarsa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Hidaya ta rame, ta daina zuwa Islamiyya saboda tsokanar ƙawaye. Inna kuwa ko tuwo ta sa a baki sai ta ji kamar ƙasa.

Ran nan da hantsi sai ga Alhaji ya sake dira, yana walƙiya. Yau kamfanin zai bayyana farashi da ranar fitowa, ya ce a gaban Mardiyya yake son ya gani, don a daina yi masa kallon mai mafarki. Ya zauna, ya ɗaga waya, wani mutum ya fito a kan dandamali yana Turanci, fitilu na haska wata mota lulluɓe da ƙyalle. An kama bakin ƙyallen za a yaye ke nan, sai fuskar wayar ta yi baƙi.

Ya latsa, ya girgiza, ya buga ta a tafin hannu. "Kai, jiya fa na cika ta. Akwai wuta?"

"Yau kwana tara," in ji Inna.

Hidaya ta fito daga ɗaki, ta durƙusa ta karɓi wayar da hannu biyu, ta je ta jona a batirin solar da Zayyad ya kafa. Alhaji ya kawar da kai yana kallon kaji.

A nan ne Inna ta ji kawaicin shekara talatin ya ƙare mata. Ta gyara lulluɓi.

"Alhaji, ban taɓa ɗaga ido na dube ka ba tun da aka kawo ni gidanga. Yau ka gafarce ni. Wagga 'yar waya ta mutu a hannunka cikin gida, ka samu inda aka jona maka. In mota ce ta yi haka da ɗiyata a daji, wa za ya karɓa da hannu biyu? Yaron nan gaskiya ya gaya maka, ka mai da shi abin wulaƙanci. Da ƙarya ya yi maka, da yanzu an ɗaura. To wane irin miji kake nema mata? Mai faranta maka, ko mai tsoron abin da za ya same ta?"

"Mardiyya, ba ki san komi ba." Muryarsa ta sauka. "Yaya na kwance asibiti ya riƙe hannuna, na yi mai alkawari zan kai Hidaya ɗakinta yadda ba a taɓa kai ɗiyar kowa ba. Lokacin ko kuɗin maganinsa ban da su. Yanzu da Allah ya ba ni, sai in kai ta a tsohuwar mota?"

"Ina wurin, Alhaji, ina bayan labule. Cewa ya yi ka kai ta ɗakinta. Bai ce a cikin mi ba. Shi kansa a kan jaki aka kawo mashi ni, muka yi shekara ashirin da shida bai taɓa sa ni kuka ba. Kai kuma wata takwas ke nan marainiyarsa na kuka saboda hoto."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Can wayar ta kawo haske, Hidaya ta miƙo masa, ya ce ta karanta musu da Hausa. Ta karanta a hankali: farashin ya kusa ninka abin da ake ta hasashe, nisan da aka tabbatar bai kai ɗari biyar ba, kuma ba za a fara kawo ta ƙasar nan ba sai ƙarshen baɗi, a manyan birane tukuna inda aka tanadi wuraren caji.

"Ƙarshen baɗi," Alhaji ya maimaita. Ya dubi Hidaya, kamar yau ya fara ganin yadda idanunta suka zurma. Ya share fuska da hannun riga. "Ba ni lambar wanga yaro."

Da Zayyad ya ɗauka, Alhaji ya yi gyaran murya sau biyu. "Injiniya, ka gaya wa Malam za a ɗaura aure Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu. Kuma in an gama biki ka zo Anka ka auna rufin gidana. Motar nan ko shekara nawa za ta yi, sai na saye ta, amma wannan karon kai za ka ce mani ga yadda za a yi."

Ranar Asabar da hantsi aka kai amarya, a cikin tsohuwar motar haya ta Jibo direba, tanki cike, babura shida a gaba da baya, Alhaji da kansa a kujerar gaba yana faɗan a rage gudu. Inna ba ta zauna ba, tana ta zagaye tsakar gida da carbi, sai da wayarta ta yi ƙara kafin azahar.

"Inna, mun iso lahiya."

Ta zauna a ƙasa inda take, ta yi hamdala.

'Ya'yana masu karatu, ku dubi Hidaya da Zayyad. Ba su yi wa babba rashin kunya ba, ba su kuma sayi yardarsa da ƙarya ba, Allah ya ba su abin da suka jira. Ku kuma iyaye, kada mu rataye rayuwar yaranmu a jikin abin burgewar da muke hange. Wanda ya yarda ya rasa auren don kada 'yarku ta tsaya a daji, ku ba shi ita, ko a ƙafa zai tafi da ita.