Hannun Malam Nomau

Ƙarfe bakwai na safe daidai, safar hannu ɗari huɗu suka farka a rumfar gilashi ta uku. Koriyar fitila ta kama a wuyan hannun kowane ma'aikaci, sai aska ɗari huɗu suka sauka a kan dashen mangwaro lokaci guda. A tsaga gindi, a fere reshe, a cusa, a naɗe da leda, a tura gaba. Babu mai magana. Ƙarar asaken kawai ake ji, ƙyas, ƙyas, kamar mutum ɗaya ne ke aikin.

Injiniya Barira Tsoho tana tsaye a barandar sama, ta jingina da ƙarfe saboda bayanta da ke ciwo. Ita ta ƙera wannan safa. Shekara shida ta kwashe a kanta, amma yau ko kallonta ba ta son yi.

Aikin gandun shi ne auren itatuwa: a ɗauko reshen mangwaro mai daɗin 'ya'ya, a haɗa shi da gindin da ke jure fari. Birnin Marke na bukatar itatuwa miliyoyi a arewacinsa, domin rairayi ya riga ya binne unguwa biyu har da tashar jirgin igiya, mai jigilar mutane ta sama. Injuna na iya shuka, suna iya ban ruwa, amma aure ya gagare su. Sai hannun mutum. Kuma hannu ya bambanta. Yawancin ma'aikata idan suka aurar da dashe ɗari, sittin ke kamawa. Wani dattijo mai suna Malam Nomau kuwa, casa'in da bakwai.

Daga nan tunanin Barira ya samo asali. Ta saƙa safa mai zaruruwan lantarki siraran gaske, ta sa wa Malam Nomau wata uku, kwamfuta na naɗar duk motsin yatsunsa. Bayan haka duk wanda ya sa irin safar, zaren zai riƙa jan tsokar hannunsa a hankali har ya yanka yadda dattijon ke yankawa. Ita ta kira ta Makoyiya. Ma'aikata suka kira ta hannun aro.

Ranar da ta kai wa Darakta Hashimu sakamakon farko, ya nuna wasu gurabe a allo, inda motsin yatsun dattijon ya ɗauke.

"Waɗannan fa, Injiniya?"

"Nan yake tsayawa, Yallaɓai. Wani lokaci minti ɗaya, wani lokaci biyar. Ban gano dalili ba tukuna."

"Tsufa ne dalili. Ki cire su. Minti biyar sau mutum ɗari huɗu, kin san itace nawa ke nan?"

Ta so ta ce a ba ta wata guda ta bincika. Amma sau biyu hukumar gandun ta yi barazanar rufe ɗakin gwajinta, kuma ta gaji da roƙo. Ta goge guraben. Bayan mako biyu aka ba Malam Nomau takardar yabo a cikin firam, aka ce ya je ya huta.

Wata takwas ke nan. Sauri ya ninka, babu shakka. Amma da aka kwance ledar zangon farko, sai aka tarar da baƙin ruɓa a mahaɗar. Cikin ɗari, talatin ne suka yi toho. Zango na biyu ma haka. Barira ta auna zafin rumfa, ta canza leda, ta sa aka wanke asake da magani. Yankan dai na Malam Nomau ne, babu bambanci ko na silin gashi, amma itatuwan mutuwa suke yi.

Da aka tashi cin abincin rana, ta hau jirgin igiya zuwa tsohon gari, inda gidaje ba su wuce hawa ɗaya ba. Ta tarar da dattijon a zaure, zaune a kan tabarma, yana sauraron rediyo.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yata. Kin rame. Zauna."

Ta zauna a bakin tabarmar, ta gaya masa komai ba tare da kwana-kwana ba, har da guraben da ta goge. Bai nuna fushi ba. Ya dai rage muryar rediyon.

"Ai ba hutawa nake yi ba," ya ce. "Ɓawon nake taɓawa da babban yatsa. Idan ruwa na gudu a jikin itacen, za ki ji shi da laushi, yana son rabuwa. Idan ya ƙi, sai in ajiye shi gefe sai jibi. A rana ina iya mayar da talatin. Su yaranki suna mayarwa?"

"Safar ba ta bari a mayar, Baba. Duk wanda ya zo gabanka sai ka yanka."

"To."

Ya murza yatsunsa.

"Kuma ba duka na itacen ba ne. Wani tsayawar nawa ne. Ranar da na fito gida da ɓacin rai, ba na yarda da hannuna. Sai in ajiye aska, in tsokani Dije da ke kusa da ni, ta zage ni, mu yi dariya, sannan in ɗauka. Shugabanmu na farko, Allah ya jiƙansa, ya san haka. In ya ga mutum ya zo fuska a murtuke, sai ya tura shi ban ruwa har rana ta ɗaga."

Barira ta rufe idonta. Duk wannan yana cikin guraben da ta share da yatsa ɗaya.

"Ka dawo, Baba. Ko na wata uku ne. Wannan karon ba zan goge komai ba."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya miƙe shi a gabanta. Yatsun na rawa, ƙanƙanuwar rawa wadda ba ta tsayawa.

"Lokacin da nake aiki, ba ya rawa. Tun da na zauna ya fara. Yanzu ko farcena jikata ke yanke mini."

"To idan ka koya wa wasu da baki? Wata nawa mutum zai ɗauka?"

Ya yi dariya har da tari. "Wata? Ni shekara tara na yi. Kuma sai da aka bar ni na kashe itatuwan da ba su ƙirguwa. Wa zai bar su su ɓata yanzu?"

Washegari da safe ta shiga ofishin Darakta Hashimu. Shi ma idonsa ya faɗa. Jiya an kira shi majalisar birni, an nuna masa hoton rairayi a bakin wata makarantar firamare. Ta maimaita masa abin da dattijon ya ce.

"To ki mayar da guraben," ya ce.

"Zan iya sa hannu ya tsaya, Yallaɓai. Ba zan iya sa shi ya san abin da ya tsaya yi ba."

"Ki ƙera wadda za ta naɗi wannan ɗin."

"Daga jikin wa? Mun aika Malam Nomau gida, hannun ya lalace."

Ya ɗago ya kalle ta. "Damina saura wata huɗu. Me kike so in yi?"

"A kashe safar. Su koma yadda suke yi a da. Sittin ta fi talatin."

Ya ɗaga mata hannu, alamar ta je ta yi abin da ta ga dama.

Ta sauka rumfa ta uku da kanta, ta sanar ta lasifika cewa daga yau kowa ya yi da hannunsa, wanda ya ga dashe bai yi masa ba ya ajiye shi gefe. Sannan ta danna maɓalli. Korayen fitilun suka mutu. Ma'aikata suka zare safar, suka jera su a kan tebura. Fatar hannuwansu ta yi fari-fari, ta yi taushi.

Barira ta jira ta ji ƙarar aska. Ba ta ji ba.

Ta bi layi tana dubawa. Wani ya ɗauki aska ya juya ta, ya sake juyawa. Wata ta tsaga gindin har ya rabe biyu. Da yawa sun riƙe reshe a hagu, aska a dama, sun ƙura wa wuyan hannunsu ido. Wata takwas zare na jan yatsunsu, yatsun sun saba jira.

A ƙarshen layi na bakwai ta iske Dije, mace mai kimanin shekara hamsin, wadda ta yi shekara goma sha huɗu a gandun. A da tana samun saba'in cikin ɗari, da wani yanka nata na gicciye wanda babu mai yin irinsa. Ta ɓata dashe uku a gabanta, tana riƙe da na huɗu.

"Yaya Dije, yi a hankali. Zai dawo."

Dije ba ta ɗago ba. Ta ɗora askar a kan reshen, ta ɗage, ta sake ɗorawa ta wani gefen.

"Ina neman yadda nake yi ne, Injiniya. Na san ta nan nake farawa, ko ta nan." Ta ajiye askar a hankali, ta buɗe tafin hannunta tana kallo. "Ban kai Malam Nomau ba, na sani. Amma da ina da hannuna."

Barira ta jawo kujerar da ke gefe ta zauna. Bel ɗin injin da ke kawo dashe bai san an kashe komai ba. Ya ci gaba da turo su, tire bayan tire, suna taruwa a gaban mutum ɗari huɗu.