Irin Shuka na Gidan Jafaru

A shekara ta biyu bayan rasuwar Alhaji Jafaru, uban dillalan hatsi na Mandawari, cikin bazarar da gero ya yi tashin da tsofaffi ba su taɓa ganin irinsa ba, ragamar gidan tana hannun babban ɗansa Muttaka.

Gidan yana da wata al'ada tun kakanni. Duk kaka, manoman ƙauyukan da ke kawo musu hatsi sukan ware damman gero mafi kyau su ajiye a ɗakin ƙurya na gidan, gudun kada yunwar bazara ta sa su cinye irin shukarsu. Ranar da ruwan farko ya sauka sai su zo su ɗauka. Saboda wannan amana ce ba sa sayar wa kowa amfaninsu sai gidan Jafaru.

Muttaka ya riga ya sayar da duk abin da ke sito tun farashi bai kai ko'ina ba, abin kuwa yana cin ransa. Zama ya gagare shi. Daga zaure sai sito, daga sito sai zaure, waya a kunne, kullum labari ɗaya: yau ya fi jiya tsada. 'Yan kasuwa daga ƙetaren iyaka suka yi wa unguwar zobe da manyan motoci, suna neman ko ƙwaya ce.

Ya sami goggonsa Nana Hadiza, mai riƙe da mabuɗin ɗakin.

"Goggo, aro zan yi. Kafin ruwa ya sauka farashi zai faɗi, in sayo wani in mayar."

"Wani geron ba nasu ba ne, Muttaka. Kowane dami da gonar da ya saba da ita."

"Gero ai gero ne, Goggo."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa masa mabuɗin, don shi ne maigida. Aka sussuke damman, aka ɗura a buhuna, motoci suka tafi.

Farashi bai faɗi ba. Ruwa kuma ya sauka da wuri. Da hantsi sai ga Malam Haruna, dattijon manoman, da mutanensa a ƙofar zaure, ƙafafunsu duk taɓo. Muttaka ya fito musu da geron da ya tsinto a kasuwa, gauraye, ba a san gonarsa ba. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Baba, a yi haƙuri, kuskure ne."

"Ƙasa ta jiƙe, Alhaji, ba za ta jira mu yi shari'a ba. Ku ɗauka mu tafi."

Suka shuka. Rabin gonakin suka nuna, rabi suna tsaye kore shar ba ƙwaya har ruwa ya ɗauke. Masu ba da labari sun ce ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai ƙara. Da kaka ta yi, motocin ƙauye suka bi ta ƙofar gidan a hankali, suka wuce Yakasai, gidan wani dillali.

Abin tausayi, Muttaka ya ɗauka ƙarfin gidansu yana cikin sito, alhali yana ɗakin da ba kayansu ba ne a ciki. Mulki haka yake, sau da yawa mai shi bai san abin da ke riƙe da shi ba sai ya sayar. Har ta rasu, duk kaka Nana Hadiza takan share ɗakin, ta bar ƙofar a buɗe.